Hujewar ozon ce ke kawo mana zafi, ko hayaƙin da ake saki?

Malama Rabi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ke yawo a WhatsApp, har ta shiga bakin 'yan makaranta, wai zafin da ake fama da shi a bazarar 'yan shekarun nan rufin ozon, wato iskar nan da ke can sama tana tare mana hasken rana mai cutarwa, ne ya huje, rana take kwararo mana kai tsaye. Don Allah masana su warware mana wannan daki-daki, tun daga yadda iskar da ke kanmu ta kasu hawa-hawa, ta yadda malamin sakandare zai koyar da shi ba tare da ya cakuɗa ba.

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam, Malama. A fara da sanin cewa ba da wani bango aka raba hawa-hawan nan ba. Ana duba yadda zafi ke canjawa ne in ana yin sama. Duk inda ya daina raguwa ya koma ƙaruwa, ko ya daina ƙaruwa ya koma raguwa, to an shiga sabon hawa.

Hawa na farko, tirofosfiya, shi ne wanda muke ciki. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin iska gaba ɗaya yana nan, haka ma kusan dukkan tururin ruwa, don haka hadari da ƙanƙara da hazo duk a nan suke ƙarewa. Daga ƙasa ake ɗumama shi: rana ta gasa doron ƙasa, doron ƙasa ya gasa iskar da ke taɓa shi, iskar ta tashi, ta tarar matsi ya ragu sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. A matsakaicin lissafi duk kilomita ɗaya ana rasa digiri 6.5. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba. Tazarar mita 700 kenan, ku ninka, za ku samu digiri huɗu da rabi. Mafi yawan sanyin Jos daga nan yake.

Kaurin wannan hawan ba ɗaya ba ne ko'ina. A ƙuryar arewa da ta kudu na duniya kilomita 8 ne ko makamancin haka, a kanmu nan kusa da ikwaita yana kai 16 zuwa 17, kuma a can ƙarshensa sanyi yana kai digiri 80 ƙasa da sifili. Wato saman Katsina a wannan iyakar ya fi saman Landan sanyi a tasu iyakar. In kun ga babban hadarin damina ya yi tsiri sama sannan kansa ya baje gefe da gefe ya kwanta, wannan iyakar ce ya kai, ba shi da ikon wucewa.

Nura:
Malam, me ya hana shi wucewa?

Malam Isiyaku:
Hawa na biyu ne ya danne shi, Nura. A sitiratosfiya, daga nan zuwa kilomita 50, lamarin juyawa yake yi: kana hawa zafi na ƙaruwa, har a can ƙarshe ya kusa kai sifili. Dalili shi ne ozon, wanda ya fi yawa tsakanin kilomita 15 da 35, yana shanye hasken UV na rana, wanda ido ba ya gani amma yana ƙona fata, sai ya ɗumama iskar wurin. Iska tana tashi ne muddin ta fi wadda ke kewaye da ita ɗumi. Da zarar ta tarar da wadda ta fi ta ɗumi a samanta, tafiya ta ƙare.

Sauran ba sai an tsawaita ba. Mesosfiya daga 50 zuwa wajen 85, sanyi ya sake dawowa har digiri 90 ƙasa da sifili, a nan ƙananan duwatsun samaniya ke ƙonewa, abin da muke gani da daddare kamar tauraro ya tsinke. Tamosfiya daga nan zuwa ɗaruruwan kilomita, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana yawo a cikinta wajen kilomita 400. Za ku karanta cewa zafinta ya haura digiri 1,000, kada hakan ya ruɗe ku, gudun ƙwayoyin iskar ake aunawa, su kuwa 'yan ƙalilan ne, ba su isa su ɗumama hannun mutum ba. Daga nan sai ekzosfiya, inda iskar ke salwanta a hankali. Matsin iska yana rabewa biyu duk bayan kimanin kilomita 5.5, don haka kafin a kai kilomita 30 an bar kusan kashi 99 cikin ɗari na iskar a ƙasa.

Alhaji Ɗanlami:
Malam Isiyaku ka yi tuya ka manta da albasa. A cikin waɗannan hawa-hawan na sama akwai yankin da hasken rana ke caja ƙwayoyin iska da lantarki, ayonosfiya, kuma ba don shi ba da babu mai kama BBC ko DW a gajeren zango daga wata nahiya. Saƙon yana zuwa can ne ya lanƙwaso ya dawo ƙasa. Sashensa na ƙasa, tsakanin kilomita 60 da 90, da rana shanye saƙon yake yi, rana na faɗuwa sai ya watse. Shi ya sa tashar matsakaicin zango da ba ta wuce jiharta da rana, bayan isha'i sai a ji ta a Agadas. Shi ya sa kuma tashoshin waje ke amfani da mita 16 ko 19 da rana, da dare ko asuba su koma 41 ko 49.

Dakta Hauwa:
Mu dawo kan tambayar Malama. Amsar a taƙaice ita ce a'a, matsaloli biyu ne daban, a hawa daban.

Ramin ozon a saman Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudu ta duniya, yake buɗewa, wajen Satumba da Oktoba, masu binciken Birtaniya ne suka bayyana shi a 1985. Ba huji ba ne na zahiri, raguwa ce mai tsanani. Ozon ɗin kansa ɗan kaɗan ne, da za a tattaro shi duka a sauko da shi doron ƙasa, kaurinsa ba zai wuce milimita 3 ba. A samanmu nan raguwar ba ta taka kara ta karya ba. Sannan UV gaba ɗaya bai kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin hasken rana ba, wanda ozon ke tarewa kuma wani yanki ne na wannan. Illarsa ga fata ce da ido da tsirrai, ba ya cikin abin da ke ɗaga ma'aunin zafi.

Ɗumama kuwa lissafin shiga da fita ne. Rana tana aiko da wat 1,361 kan kowace murabba'in mita da ke fuskantarta. Saboda duniya dunƙulalliya ce kuma rabinta na cikin dare, a raba huɗu, 340. Gajimare da ƙanƙara da rairayi suna mayar da kashi 30 cikin ɗari nan take, saura wajen 240. Dole duniya ta fitar da 240 ɗin nan, kuma hanya ɗaya gare ta, hasken infared, wanda ido ba ya gani amma fata tana ji, kamar hucin bango bayan magariba. Abin da zai fitar da wat 240 zafinsa digiri 18 ne ƙasa da sifili. Amma matsakaicin zafin doron ƙasa wajen digiri 15 ne. Wannan tazarar ta digiri 33 aikin iskokin da ke riƙe zafi ne: tururin ruwa, kabon dayokzaid, metan, naitiros okzaid. Ba don su ba da duniya ta daskare. Yawansu ne matsalar.

Alhaji Ɗanlami:
Dakta, a nan ne ni ban gamsu ba. Naitirojin kashi 78, oksijin 21, agon kusan 1. Kabon ɗin nan da ake ta kururuwa a kansa bai wuce 0.04 cikin ɗari ba. Ta yaya abin da bai kai cikin cokali ba zai juya duniya? Kuma ke da bakinki kin sa tururin ruwa a gaba, to me ya sa ba a yi masa taro?

Dakta Hauwa:
Ranka ya daɗe, tambayoyin biyu duk suna kan hanya. Kashi 99 ɗin da ka lissafa ba sa cikin wasan ko kaɗan. Naitirojin da oksijin ƙwayoyinsu tagwaye ne iri ɗaya, infared wuce su yake yi kamar babu su. John Tyndall ya gwada haka a Landan tun 1859. Sai ƙwaya mai sassa uku ko fiye, wadda ke iya lanƙwasa da karkarwa, ita ke cafke shi. Saboda haka kada a auna kabon da dukkan iska, a auna shi da yadda yake a da. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ne cikin miliyan, an san haka daga kumfar iskar da ta maƙale cikin tsohuwar ƙanƙarar Antatika. Da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya sami wajen 315. Yanzu ya haura 420. Ƙarin rabi kenan a kan abin da aka gada.

Tururin ruwa ya fi kabon riƙe zafi, gaskiya ne, amma ba shi ke jan ragama ba. Zafin iska ne ke yanke yawan tururin da za ta ɗauka, duk ƙarin digiri ɗaya tana ɗaukar ƙarin kashi 7 cikin ɗari. In ka tura mata fiye da haka, cikin kwana tara ko goma ya sauko a ruwan sama ko raɓa. Kabon ba ya saukowa haka. Teku da tsirrai suna ɗauke kusan rabin abin da ake saki, sauran ya zauna, wani ɓangarensa ɗaruruwan shekaru. To kabon ya ɗaga zafi kaɗan, iska ta ƙara ɗaukar tururi, tururin ya ƙara ɗaga zafin. Ninki yake yi wa aikin kabon.

Nura:
Anti Dakta, na ga wasu suna cewa kabon ya riga ya shanye duk infared ɗin da zai iya tun a 'yan mitocin farko, don haka ƙari ba ya ƙara komai.

Dakta Hauwa:
Rabin gaskiya ce, Nura, kuma a nan ne bayanin Malam Isiyaku na hawa-hawan iska ke da amfani. A tsakiyar zangon da kabon ke kamawa, wajen maikiromita 15 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), tabbas hasken da ya tashi daga ƙasa ba ya nisa. Amma iskar da ta kama shi tana sake fitar da shi, sama da ƙasa, ta gaba ta kama ta sake fitarwa, har a kai inda iska ta yi shara-shara ya samu ya tsere. Abin dubawa shi ne tsayin da yake tserewa, da sanyin wurin.

Ka yi lissafin da kanka. Mun ce duniya tana fitar da zafi kamar abu mai digiri 18 ƙasa da sifili, ƙasa kuma tana 15. Raba 33 da 6.5, za ka samu kilomita 5. A matsakaici daga nan zafin ke fita. In aka ƙara kabon, iskar wannan tsayin ta ƙara duhu ga infared, sai mafitar ta matsa sama. Sama ta fi sanyi, abu mai sanyi kuma ƙarancin haske yake fitarwa. Shiga tana nan 240, fita ta ragu. Kamar madatsar ruwa ce irin ta Tiga da aka rage wa bakin mafita alhali kogi bai rage kawowa ba: ruwa zai yi ta hawa har sai nauyinsa ya isa tura adadin da ke shigowa ta ƙaramar ƙofar. Mafitar ta matsa sama da mita 150 kacal, doron ƙasa ya ƙaru da digiri ɗaya.

Inda masu wannan maganar suka dace shi ne ƙarin ba miƙe yake ba. Kowane ninki ne ke ba da ƙari iri ɗaya, wajen wat 3.7 kan murabba'in mita. Daga 280 zuwa 420 ya ba da wajen 2.2. Svante Arrhenius ya fara irin wannan lissafin da hannu a 1896. Ƙiyasin rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne ninki ɗaya zai kawo wajen digiri 3, mai yiwuwa tsakanin 2.5 da 4, kuma gajimare ne suka fi jawo wannan tazarar.

Malam Isiyaku:
Ga hujjar da ta fi ƙarfi ga mai cewa rana ce kawai ta ƙara wuta. Da rana ce, da duk hawa-hawan sun ɗumama tare. Abin da ake aunawa kuwa, tirofosfiya na ɗumama, sitiratosfiya na hucewa. Syukuro Manabe da abokin aikinsa sun hango haka a lissafinsu na 1967, kafin a tabbatar. Raguwar ozon ta taimaka wa wannan hucewar a sashen ƙasa na hawan, amma can sama aikin kabon ne ya fi yawa.

Yadda ake aunawa: balan-balan ɗin roba, a cika shi da haidirojin ko hiliyom har faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi, a rataya masa 'yar na'ura mai auna zafi da laima da matsi, mai GPS. Duk duniya lokaci ɗaya ake saki, sha biyun dare da sha biyun rana agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya a Najeriya da Nijar. Yana hawa mita 5 a daƙiƙa, yana kumbura, ya fashe wajen kilomita 30 bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In an cika gas da yawa, da wuri zai fashe a rasa bayanan sama. In an rage, sai ya yi ta shawagi bai kai ba. Da rana hasken rana yana gasa ma'aunin ya ƙara masa karatu, dole a yi gyara. In ya ratsa gajimare ya jiƙe, ruwan na bushewa yana sanyaya shi ya ba da karatun ƙarya na ɗan lokaci. Saboda irin waɗannan ne ake gwada sakamakon da na tauraron ɗan'adam, wanda ake da shi tun 1979.

Wani hannunka mai sanda: rana ɗaya mai zafi ba hujja ba ce, ko da irin ta Kayes a Mali ce da ta kai 48.5 a Afrilun 2024. Matsakaicin shekaru 30 ake dubawa.

Injiniya Bashir:
Akwai wuri ɗaya da matsalolin biyu suka haɗu, kuma a shagon mai gyaran firji da AC yake. Tsohon gas R-12 yana da kulorin, ba ya lalacewa a ƙasa, sai ya kai sitiratosfiya UV ya fasa shi, ƙwayar kulorin ɗaya ta cinye dubban ƙwayoyin ozon. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da shi, ozon yana farfaɗowa, ana sa ran saman Antatika zai koma daidai wajen 2066. R-22 ma yana da kulorin amma ɓarnarsa kaɗan ce, ana kan janye shi. Waɗanda suka gaje su, R-134a da R-410A, ba ruwansu da ozon, amma wajen riƙe zafi ba dama. Kilo ɗaya na R-134a daidai yake da kilo 1,430 na kabon, R-410A ya haura 2,000, R-22 wajen 1,800. Litar fetur in aka ƙona ta tana ba da kilo 2.3 na kabon. Wato yaron da ya kwance bututu ya bar kilo ɗaya na R-22 ya tsiyaye, kamar ya ƙona lita 780 ne. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 saboda irin su R-134a da R-410A ne.

In za a cire AC mai gida biyu daga bango, ba sai an zubar ba. A kunna shi a kan sanyi, a sa geji a babban bututu, a rufe bawul ɗin ƙaramin bututu da alinki, a jira allura ta sauko kusa da sifili, yawanci minti ɗaya ko biyu, a rufe na babban, a kashe wuta nan take. Gas ɗin ya koma injin waje. In aka bar kwamfireso yana ta juyawa bayan an rufe, zai ƙone.

Malama Rabi:
Allah ya ƙara basira. To gwajin da ke cikin littattafai fa, na kwalabe biyu, ɗaya da iska ɗaya da kabon daga bakar hoda da binega, a ajiye su a rana da ma'aunin zafi?

Dakta Hauwa:
Ni ba na ba da shawarar sa, Malama. Kwalbar kabon takan fi zafi, amma ba don dalilin da ake so a nuna ba. Kabon ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, ba ya juyawa ya kai zafi bangon kwalba da sauri. An gwada da agon, wanda ba ya kama infared sam, shi ma ya ɗumama haka. Gilashi da kansa yana tare infared. Ga laimar binega, ga ma'aunai biyu da ba lalle karatunsu ya zo ɗaya ba, ga kwalba ɗaya ta fi fuskantar rana. Babban abin kuma, a cikin kwalba babu sama mai sanyi da ƙasa mai ɗumi, alhali a kan wannan bambancin duk lamarin ya tsaya.

Malam Isiyaku:
Ga wanda ya fi. A nemi ma'aunin zafi na infared irin na masu aikin injina, mai karantawa har 50 ƙasa da sifili. Na goshi da aka yi yayi lokacin korona ba zai yi ba, tsakanin 32 da 43 kawai yake aiki. A fita fili nesa da bishiya da katanga, a auna ƙasa, sannan a ɗaga shi tsaye zuwa sama, ban da wajen rana. A daren hunturu mai garau zai nuna can ƙasa da sifili sosai. A daren Agusta mai laima lambar za ta hau, in kuma aka saita shi kan gajimare na ƙasa-ƙasa za ta kusa kai zafin iskar wurin. Ɗalibai su rubuta karatun tare da zafin asuba na washegari, tsawon zangon karatu. Za su ga da idonsu dalilin da asubar Janairu a Kano ke sauka wajen digiri 13 ko ƙasa, daren damina kuwa ba ya hucewa. A dai gaya musu gaskiya cewa na'urar tana kallo ne ta zangon maikiromita 8 zuwa 14, inda kabon ba ya kamawa sosai, don haka aikin tururi da gajimare suke gani.

Alhaji Ɗanlami:
To ƙurar hunturu fa? Ita ma ai rufi ce, amma sanyi take kawowa.

Malam Isiyaku:
Da rana tana tare hasken rana, Alhaji, shi ya sa ake samun sauƙi. Sanyin dare kuwa bushewar iskar ce ta fi kawo shi. Ƙurar, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na Cadi take tasowa, a hawa na farko take, cikin kwanaki ko makonni ta sauka. Gwada da dutsen Pinatubo na Filifin da ya yi aman wuta a Yunin 1991: ya harba tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar farar wuta cikin sitiratosfiya, inda babu ruwan sama da zai wanke ta, ta zauna fiye da shekara, duniya ta huce da kusan rabin digiri a 1992.

Injiniya Bashir:
Ƙarin bayani ga masu gyara, tunda wani ya tambaye ni ta gefe kan gas ɗin sabbin firji. Sabbin firji da yawa R-600a suke amfani da shi, riƙe zafinsa bai wuce sau 3 na kabon ba, amma ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Abin da firjin gida ke ɗauka bai kai giram 150 ba, yawanci ƙasa da 100, adadin yana rubuce a jikin takardar bayansa, kuma da sikeli ake zuba shi, ba da kallon geji ba. Ƙarin giram 10 ya isa ya hana shi sanyi yadda ya kamata. Kada a sa wutar walda sai an fitar da gas ɗin a fili an wanke bututun da naitirojin. Kada kuma a ɗura R-134a a kwamfireson R-600a, girman injin da man da ke ciki ba ɗaya ba ne. In ana neman inda yake yoyo, naitirojin da ruwan sabulu, a fara da wajen haɗin bututu. Oksijin ko kusa kada a gwada, in ya haɗu da man kwamfireso fashewa yake yi.